Kasuwar gidaje ta faɗi amma farashi a unguwarku bai motsa ba?

Malam ka ce kana ta jin kasuwar gidaje ta faɗi amma a unguwarku ko sisi masu gida ba su rage ba, anya gaskiya ne? Gaskiya ne wallahi, farashin gida ne ba ya sauka da wuri. Ciniki ke fara tsayawa, mai gida kuma ya kafe a kan kuɗin da maƙwabcinsa ya sayar bara, gara rubutun "na sayarwa" ya koɗe a jikin katanga da ya rage, sai wanda bashi ya matse ko zai bar gari shi ke fara sassautawa, sannan sauran su biyo.

Kuma ba ɗaya ake faɗuwa ko'ina ba. A Amurka farashi ya kai ƙololuwa a 2006 bai gama sauka ba sai 2012, Las Vegas da Phoenix sun zube sama da rabi saboda an yi ta gini da bashin banki, Dallas kuwa ɗan taɓawa aka yi mata.

Don Allah kar ka biye wa kuɗin da ake faɗa da baki, ka tambayi dillalai nawa aka yi sallama a 'yan watannin nan, wata nawa gidan ya yi kafin a saya. In farashi ya tsaya cak kayan masarufi na ta hawa, ai gidan ya riga ya yi sauƙi, ka taya ƙasa ka gani.