Amsa: Shekarata 38, zan iya koyon Sifaniyanci saboda aiki?

Ɗan'uwa wallahi kar batun shekaru ya karya maka gwiwa, ni ma sai da na girma na fara, kuma tunda ka ce magana da abokan aiki kake so ba rubutu ba ai abin ya zo da sauƙi.

Mu Hausawa muna da sa'a a nan. Wasulansu 5 ne, a e i o u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa, sai dai h ba a furta ta, j kuma daga maƙogwaro take fitowa. Suna da namiji da mace a sunaye kamar mu, har yawancin na mace da a suke ƙarewa, irin casa wato gida. Inda na sha wuya shi ne ser da estar, duka biyun na faɗin yadda abu yake ne, ser na abin da yake dindindin, estar na halin da ake ciki yanzu, na fi wata biyu ina cakuɗa su.

Fara tambayar abokan aikinka su 'yan ina ne, don in za a ce ku ga mutane da yawa, na Sifaniya suna cewa vosotros, 'yan Meziko kuwa ustedes kawai. Shugabanka ka ce masa usted, wato kai na girmamawa, kar ka yi saurin tú, wato kai na sabo, sai ya ba ka dama.

Manhajar koyon harshe ta Duolingo na taimakawa da kalmomi amma ba za ta buɗe maka baki ba gaskiya, samu wanda za ku riƙa hira ko minti 20 kullum, a kan jimlolin da aikinka ke buƙata. In kamfani ya nemi takarda akwai jarabawar Sifaniyanci mai suna DELE ta Instituto Cervantes, cibiyar Sifaniya mai koyar da harshen, ka sa ido kan matakin B1, wato matsakaici.