Amsa kan baƙin man BMW 335i: wanne za a zuba, kuma yaushe za a yi juye?

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce ka sayi BMW 335i ta 2008 'yar Kwatano, kana zaune a wani ƙauye kusa da Gumel, kana shiga Kano sau ɗaya a mako. Bakanikenka ya ce a zuba mata 20W-50 saboda zafin ƙasarmu, ita kuma kwamfutar motar tana nuna sai bayan mil 15,000 za a yi juye. Dukansu biyun kada ka bi.

Injin da ke cikin motar nan shi ne N54, mai silinda shida da turbo biyu. Man da BMW ta yarda a zuba masa shi ne wanda aka rubuta BMW Longlife-01 a bayan galan, wani lokaci a taƙaice LL-01. Wannan rubutun za ka fara nema kafin ka kalli lambar da ke gaba. Idan ka same shi a kan 5W-40 ko 0W-40 na sintetik zalla, ka gama. A yanayinmu na fi son mai 40 a ƙarshe a kan 5W-30, duk da littafin motar ya yarda da shi.

Lambar farko mai W tana nuna yadda mai ke gudu lokacin da inji yake da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa idan ya kai digiri 100. Amma akwai awo na uku da ba a rubutawa a gaban galan: ƙarfin man tsakanin ƙarfe da ƙarfe a digiri 150, wanda LL-01 ke buƙatar kada ya gaza 3.5. Shi ya sa za ka ga galan biyu duk an rubuta 5W-30, ɗaya ya dace da motarka, ɗayan kuma an yi shi ne don Corolla ta rage shan fetur, ya yi wa N54 tsinkewa. Idan babu LL-01 sam a inda kake, nemi wanda aka rubuta ACEA A3/B4, wato ma'aunin ingancin mai na Turai, ka lallaɓa da shi. Mai LL-04 kuwa, wato wani ma'aunin na BMW, ka bar shi a shago. An yi shi ne don injin dizal mai tace hayaƙi da kuma fetur mai ƙarancin farar wuta irin na Turai, kuma BMW da kanta ba ta amince a zuba shi a injin fetur a wajen can ba.

Maganar bakanike tana da asali, don tsohuwar Peugeot 504 ko J5 da ringinta ya ci, mai kauri ne ke rufa mata asiri. Amma a nan hanyoyin mai sirara ne. Turbo tana juyawa sama da sau 100,000 a minti, kuma a kan ɗan siririn mai take shawagi. Da asubar hunturu 20W-50 yana jan ƙafa kafin ya isa gare ta, a waɗannan daƙiƙoƙin ne ƙarfe ke cin ƙarfe. Sannan yawancin 20W-50 na kasuwa ba sintetik ba ne. Idan ka taho da gudu daga Kano ka kashe mota nan take, man da ya tsaya a bututun turbo sai ya soye ya zama gawayi, bututun ya tsuke. Haka kuma VANOS, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, da matsin mai take aiki. Da datti ya toshe ragarta sai mota ta fara rawa a silo, wutar inji ta kama, ƙarfi ya ragu. Zafin bazara ba ya maida inji tanderu yadda ake zato, lagireto da tamostat ne ke riƙe da zafinsa. Kuma tun da na ambaci tamostat, kada ka yarda a cire maka shi, duk daɗin bakin da za a yi maka.

Batun tazara shi ne ya fi muhimmanci. Mil 15,000 kusan kilomita 24,000 ke nan, kuma an lissafa shi ne don kwalta mai kyau da fetur mai tsabta. Ka lura ma, idan motar daga Amurka ta fito, mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Abubuwa uku ne ke kashe mai da wuri a wajenmu. Ƙurar burji da ta hunturu, wadda ke sulalewa ta filtar iska ta zama kamar yashi a cikin mai. Sai fetur: N54 yana fesa shi kai tsaye cikin silinda, wani kaso yana gangarawa ta gefen ringi ya tsinka mai, kuma abin ya fi muni ga motar da ake tayarwa a je masallaci ko kasuwar ƙauye a dawo ba ta yi zafi ba, ko wadda ake shayar da ita daga jarkar 'yan bumburutu. Na uku shi ne barin mota a silo ana shan sanyin AC, awa tana tafiya, mita ba ta motsi. Shawarata kilomita 6,000 zuwa 7,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris, idan hanyarka burji ce, sauko 5,000. Da ka sayi man da ya fi kowanne tsada ka bar shi shekara, gara mai LL-01 matsakaici da ake juyewa a kan kari.

Ranar juye ka tsaya a kai. Injin yana cin lita 6.5. A juye da ɗumi, a bar shi ya tsiyaye kamar minti goma sha biyar. Filtar ta takarda ce da ke zama a sama, Mann HU 816 x ko Mahle OX 387 D, a Ƙofar Ruwa za ka nema. Tana zuwa da roba biyu da wasa ta jan ƙarfe, duk a canza su. Kusar ƙasa da ake kwancewa mai ya fita da murfin filta a ɗaure su Nm 25 a sifana mai awon ƙarfin ɗauri, ba a hau da ƙarfin tuwo ba. A duba ƙwaryar robar da ke cikin murfin. Wasu yaran gareji suna zare ta tare da tsohuwar filta su jefar, daga nan matsin mai ya lalace. A zuba lita shida, a tayar, sannan a cika. Motar ba ta da sandar awo, a allon gaba ake gani, sai inji ya yi zafi kuma tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Tsakanin ƙasa da sama lita ɗaya ne, kada a wuce. Filtar iska kuma a duba ta kowane juye, kada a busa ta da iskar mai faci, takardar ke yagewa.

Jabun mai ya yi yawa, har da wanda ake ɗurawa a tsohon galan na asali. Sayi a wajen dillalin da aka sani, duba hatimin murfi da lambar da aka buga a jiki, ka huda galan bayan an gama. Na cikin duro da ake aunawa da kwalba a bakin titi kada ya kusanci motar nan, haka ma maganin ƙara kauri.

Tunda ba ka san abin da mai ita na farko ya zuba ba, yi juye biyu na farko a kilomita 2,000 zuwa 3,000, kada ka zuba maganin wanke inji, yana ɓamɓaro datti ya toshe ragar famfon mai. Agogon zafin mai ya riƙa zama wajen digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Celsius. Idan yana haura 130 a tafiyar yau da kullum, a duba famfon ruwa, na lantarki ne, a kuma duba ko motarka tana da na'urar sanyaya mai, don wasu ba su zo da ita ba. Ka leƙa gindin gidan filta ma. Gasket ɗinsa yana yawan yoyo, man ya ɗiga kan bel, bel ya zame, wani lokaci har ya shige ta sil ɗin gaban kuranshaf zuwa cikin inji. In ka ga jiƙa a wurin, a canza shi a wannan juyen.