Ku Tambaya Mu Amsa: Harsashi da Albarushin Bindigar Ɗuri

Wasiƙun wannan makon daga 'yan uwanmu mazauna Amurka suka fito, inda jihohi da dama ke ware wa masu bindigar da ake ɗurawa ta baka kwanakinsu na farautar barewa. Jikar bindigar tokarmu ce, illa dai an yi mata kwalliya.

Tambaya: Malam, ina karatu a jihar Ohayo. Abokan aikina sun gayyace ni farautar watan Janairu, na sayi bindigar ɗuri da wani ya taɓa amfani da ita, mai lamba .50 (faɗin bututunta rabin inci). Da na shiga kanti na ga harsasai kala-kala, kaina ya ɗaure. Tsorona kada in raunata dabba ta gudu ta mutu a wulaƙance. Daga Sani.

Amsa: Sani, Allah ya yi maka albarka, wannan tsoron naka shi ne rabin iya farauta. Kwantar da hankalinka. Fara duba murɗin layukan da ke cikin bututun bindigarka, yawanci yana rubuce a jikinta ko a littafinta. In ka ga 1:28, wato murɗi ɗaya cikin inci 28, irin ta zamani ce wadda ta bazu tun bayan da maƙerin bindiga Tony Knight ya fito da bindigar MK-85 a 1985, kuma dogon harsashi take so, wanda ake zura shi cikin 'yar rigar roba da suke kira sabot. Ɗauki mai nauyin giren 250 (giren ƙaramin awo ne na harsashi da albarushi), ka haɗa shi da albarushi giren 80 zuwa 100. In kuwa 1:66 ce, dunƙulen dalma ne abincinta, wanda ake naɗe shi da ƙyalle, nauyinsa wajen giren 177, amma kada ka kai shi nesa, ƙarfinsa na saurin zubewa. Mai 1:48 tana cin kowanne daidai gwargwado. Ka je filin gwaji ka harba a yadi 50, sannan 100. Duk inda harbinka ya daina taruwa cikin faɗin faifai, nan ne iyakarka a daji, komai kyan ƙahon da ka hango. Ka yi bisimilla kafin ka ja kunama, in ka same ta da rai ka yanka.

Tambaya: Na ga an rubuta bindigata tana ɗaukar giren 150. In riƙa zuba ƙwayar dunƙulallen albarushi uku kullum don ta fi kisa? Daga Bala, Mishigan.

Amsa: Motarka ma an rubuta 200 a agogonta, haka kake gudu zuwa masallaci? Ƙwaya biyu, wato giren 100, ta ishi kowace barewa da za ka gani a dajin Mishigan. Ta ukun kafaɗarka za ta ci, ta koya maka runtse ido, wani sashe nata ma a waje zai ƙone. Ka kuma san abin da kwalin ke ci a aljihu.

Tambaya: Wani maƙwabcina zai tashi, ya sayar min da gwangwanin albarushi a rabin kuɗi. Takardar jikinsa ta goge, amma baƙi ne wuluk kamar wanda na saba. In yi amfani da shi? Daga Hamisu.

Amsa: Kada ka kuskura. Hamisu, na karanta wasiƙarka sau biyu raina yana ɓaci, don wannan ɗabi'a ta neman araha a inda rai yake ita ce ke cinye mu gida da waje. Baƙin launi shaidar me? Albarushin harsasan zamani, wanda ba ya hayaƙi, shi ma mafi yawansa baƙi-baƙi ne saboda abin da ake shafe ƙwayoyinsa da shi. Ido ba ya raba su yadda za ka jingina ranka a kai. Shi marar hayaƙin matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, an yi shi ne don bindigar da aka ƙera masa. In ka auna shi da ma'aunin giren 100 ka ɗura a taka, bututun ne zai tsage a daidai inda hannunka na hagu yake riƙe, fuskarka kuma na bayansa.

Ni na taso ina ganin maharba a ƙauyenmu, da 'yan bindigar da ke buga adaka ranar hawan sallah. A cikinsu akwai dattijon da yatsu biyu kawai suka rage masa a hannun hagu. Albarushi ya saya a ƙulle cikin leda a kasuwa, ya zuba da tafin hannu babu awo, ya ce wai ya ƙara ne don ta yi ƙara. To kai da kake ƙasar da ake buga sunan kamfani da adadin awo a jikin kowace kwalba, ka tsallake duk wannan ka koma wa leda? Nawa ka rage? Kai shi gaban kuɗin kwana ɗaya a asibitin Amurka ka ga.

Abin da ya halatta a bindigarka shi ne baƙin albarushi na ainihi ko magadansa da aka yi don ita, cikin kwalbarsu a rufe. Su ma ba ɗaya suke ba. Pyrodex, wanda ya shigo kasuwa tun 1976, ana auna shi daidai da baƙin albarushi. Garin Triple Seven ya fi zafi, sai ka rage kashi 15 cikin ɗari. Blackhorn 209 ba ya yarda sai da hular tayarwa, wadda ke kunna albarushi, mai lamba 209, kuma ba a wuce masa 120 a ma'auni. Lura da kalmar ma'auni: cikar bututun awo ake nufi. Wanda ya ɗora giren 100 na waɗannan magadan a sikeli ya zuba fiye da kima bai sani ba. A baƙin albarushi, mai girman ƙwaya FFg ake sa wa .50, shi kuwa FFFFg mai laushi na kaskon bindigar ƙyastu ne kawai.

Tunda na fara bari in ƙarasa. Kada ka tsiyaya daga gora kai tsaye cikin bututu, tartsatsi ɗaya da ya rage a ciki zai tashi da gorar a hannunka. Danna harsashi har ya zauna daram a kan albarushi, don rata tsakaninsu na kumbura bututu. Yi wa sandar ɗurinka alama, ita za ta gaya maka in ka ɗura sau biyu. In ka ja ba ta tashi ba, bar bakinta a can inda ka saita, ƙirga minti guda cur. Gwangwanin kuma ka tambayi 'yan kwana-kwanan garinku inda ake kai irinsa.

Tambaya: Zan bi surukina farauta Kolorado, in tafi da kayan da nake amfani da su a gida? Daga Ladi.

Amsa: Hajiya, a kakar bindigar ɗuri Kolorado ba ta yarda da sabot ba, ba ta yarda da albarushin ƙwaya ba, haka ma madubin hangen nesa. Garin albarushi da harsashi mai cika bututu za ki nema. Kalifoniya kuma ta hana farauta da dalma tun Yulin 2019. Karanta littafin dokar Kolorado na bana kafin ki kashe ko sisi.

Tambaya: Na ajiye bindigata tun bara ban wanke ba, yanzu harsashi ya ƙi shiga.

Amsa: Ba ka sa suna ba, kuma na gane dalili. Dattin albarushi na jan laima, tsatsa ta ci cikinta. Kai ta wurin mai gyaran bindiga ya leƙa, kada ka ɗura mata komai. In ta tsira, ruwan zafi da sabulu a daren da ka yi harbi, ka busar, ka shafa mai.