Amsa ga mai tambaya kan tayirosin da garin karara

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa da ya rubuto daga Samaru, ka ce jarrabawa ta matso, ka zauna da littafi hankali ya ƙi tsayawa, sai ka ga ana tallan kafson tayirosin da na Mucuna, wato karara, a intanet wai suna ƙara dofamin, sinadarin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa mai taimaka wa tsayawar hankali, kana tambaya ko ka saya. Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka raba su gida biyu, domin tayirosin kusan abinci ne, karara kuwa magani ne sosai da aka sa masa rigar ganye.

Dofamin kansa ko an haɗiye shi ba ya shiga ƙwaƙwalwa, akwai shinge tsakaninta da jini. Can ciki ake haɗa shi. Ana ɗaukar tayirosin, wani sinadarin furotin wanda ke cikin wake, gyaɗa, awara, ƙwai, kifi da nono, a juya shi ya zama lebodofa, sannan lebodofa ya zama dofamin. Matakin farko shi ne mai jan ƙafa. Sinadarin da ke wannan aiki yana buƙatar ƙarfen jini, kuma da zarar dofamin ya wadata sai ya rage gudu da kansa. Kamar injin niƙa ne a Tudun Wada ranar da layi ya yi tsawo: ko ka sauke buhu goma a bakin ƙofa, abin da injin zai iya ci a awa ɗaya shi zai ci. Mai cin abinci daidai ba buhu ya rasa ba.

Shi ya sa inda tayirosin ya nuna ɗan amfani a gwaji shi ne inda aka wahalar da jiki, kamar tsananin sanyi ko kwana ba barci, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ƙone abin da ta tara da sauri. Can ma adadin da aka bayar miligiram 100 zuwa 150 ne kan kowane kilo na nauyin mutum. Yi lissafi: mai kilo 60 yana buƙatar giram 6 zuwa 9, kafso ɗaya kuwa yawanci miligiram 500 ne, wato kafso 12 zuwa 18 a zama guda. Guda ɗaya ko biyu da ake sha da safe bai kai abin da ke cikin abincin yini ba. An gwada shi a shekarun 1980 kan manya masu larurar rashin tsayawar hankali, ya ɗan yi aiki a makonnin farko, kafin wata biyu amfanin ya ɓace. A kan ciwon damuwa kuma, gwajin 1990 bai nuna ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Idan aka sha shi da tuwo da nama ma sai ya yi gogayya da sauran sinadaran furotin 'yan'uwansa a ƙofar shiga ƙwaƙwalwa, ɗan abin da zai wuce ya ƙara raguwa.

Mucuna kuwa ita ce karara, wadda kowane yaron da ya taɓa shiga jeji da kaka ya san ƙaiƙayinta. Ƙwayarta na ɗauke da lebodofa kai tsaye, wajen kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, wato ta tsallake injin nan mai birki gaba ɗaya. Lebodofa shi ne maganin ciwon karkarwa na Parkinson tun ƙarshen shekarun 1960. Amma likita ba ya bayar da shi tsurarsa. A maganin da ake kira Sinemet an haɗa shi da wani sinadari, kabidofa, a mai suna Madopar kuma da wani makamancinsa, don kada ya zama dofamin tun yana hanji da jini. Garin karara ba shi da wannan mai gadi, mafi yawansa a hanya yake juyewa. Daga nan tashin zuciya da amai, bugun zuciya, da jirin da ke kama mutum idan ya miƙe daga zaune saboda jini ya sauka. Ɗan abin da ya isa ƙwaƙwalwa ba ya daɗewa, cikin kamar awa guda rabinsa ya bar jini, sai a ji an ɗaga a kuma faɗo. Dofamin ma ba yawansa ake nema ba. Gaban ƙwaƙwalwa da ke riƙe hankali, matsakaicin dofamin yake so, in ya wuce kima sai rashin natsuwa, rashin barci, wani har gane-gane. A 1989 a lardin Nampula na Mozambik, lokacin yunwa, mutane sun ci karara ba a wanke dafinta sosai ba, sama da 200 suka ruɗe.

Adadin da ke jikin kwalba ma ba abin dogaro ba ne. Wani bincike a Amurka a 2022 ya auna kayan karara da ake sayarwa, ya sami lebodofa daga miligiram 2 har 241 a sha ɗaya. Wanda aka ƙulla a leda ba lambar NAFDAC, sai dai Allah Ya kiyaye.

Akwai waɗanda ba ma sai an yi shawara ba. Mai shan maganin taɓin hankali irin su halofaridol ko risfaridon kada ya kusanci karara, don tana warware aikin maganin. Haka mai ciki, da mai shayarwa, tunda dofamin yana danne sinadarin da ke kawo ruwan nono. Mai maganin hawan jini zai iya faɗuwa. Mai ciwon maƙoƙo da ke kan magani ya tambayi likitansa kafin tayirosin, da shi jiki ke haɗa sinadarin maƙoƙon. Duk wanda ke fama da caca ta waya ya yi nesa, ƙarin dofamin na kwance wa mutum linzami.

A ganina kuɗin nan gara ka kai su ɗakin gwaji. Ka duba yawan jininka, musamman in maleriya ta kwantar da kai kwanan nan, domin ƙarancin ƙarfe yana rage gudun injin nan na farko, kuma yana kawo kasala da mantuwa. Ka ƙirga awa nawa kake barci da gaske a makon nan, ka daina shan abin ƙara kuzari bayan la'asar. In rashin tsayawar hankalin tun kana firamare yake, ko kuma ka yi sama da mako biyu ba abin da ke yi maka daɗi, abinci da barci sun rikice, to ka yanki kati a asibitin koyarwa na Shika ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ka tafi da duk kwalbar da ka riga ka fara sha ya ga abin da ke rubuce a jikinta.