Hayar ƙaramin gida a tsakiyar birni

Tambaya: Na samu ciki da falo a bene, a tsakiyar birni, inda kusan ko'ina ake zuwa da ƙafa. Me zan duba kafin in biya? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, kada ki yanke shawara da zuwa ɗaya. Ki koma bayan ƙarfe 10 na dare, musamman a ƙarshen mako, domin titin da ya yi tsit da hantsi kan cika da hayaniya da daddare. Ki rufe tagogi ki kasa kunne. Muddin kina jin hirar masu wucewa, barci zai yi wuya. Mu dai mun fi son ɗakin da ke kallon bayan gini, ko da haskensa bai kai ba.

Kusancin da ake faɗa kuwa, ki taka da kanki ki gani. Tafiyar minti 10 kusan mita 800 ce, kuma da kaya a hannu za ki ji kamar ta fi haka nisa.

A cikin gidan, ki buɗe famfon banɗaki da na kicin lokaci guda. Idan ruwan ya koma tsiyaya, ba ya hawa saman da ƙarfi. Ki leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, baƙin tabo da warin danshi alamar yoyo ne. Ki auna faɗin ƙofa da kwanar matattakala, don a nan gado da kujera suke maƙalewa.

Haya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na samunki. A rubuta a yarjejeniya wa zai biya wuta, ruwa da gyara. Ranar shiga, ki ɗauki hoton duk wata ɓaraka ki tura wa mai gida, saboda kuɗin ajiyarki, wato kuɗin da mai gida ke riƙewa don gyaran ɓarna, kada a cire miki kan abin da ba ke kika ɓata ba.