Dillalin hannun jari ya jawo min asara, kamfaninsa kuma na tangal-tangal: ina zan nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan fansho ne a Samaru, Zariya. Na zuba kuɗin sallamata a hannayen jari ta hannun wani kamfanin dillanci. Na rubuta musu su sayar da wani kaso, suka yi biris har farashi ya faɗi, wani kason kuma suka sayar ba da izinina ba. Yanzu ana raɗe-raɗin kamfanin zai rufe. An ce suna da inshora. Zan samu diyya daga can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Faɗuwar farashi kaɗai ba ta jawo diyya, domin kasuwa ta gaji haka. Amma ƙin bin rubutaccen umarni sakaci ne, sayarwa ba izini kuwa ta fi sakaci muni. Saboda haka kana da hujja, muddin kwafin takardar nan yana hannunka.

Fara da neman bayanin asusunka daga CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan mallakar hannayen jari, da lambarka ta CHN, wato lambar shaidarka ta mai zuba jari a wurinsu. Duk hannun jarin da ke nan da sunanka naka ne, ba ya cikin dukiyar dillali, kuma ana iya mayar da shi hannun wani dillalin ko da wannan ya rufe.

Batun inshora ne mutane suka fi ruɗewa a kai. Hukumar SEC, mai kula da kasuwar jari a Najeriya, ta wajabta wa dillalai inshorar da ke ɗaukar asarar da ha'incin ma'aikatansu ya jawo. Inshorar kuskuren aiki daban ce, kuma ita ta dace da umarnin da aka ƙi bi. Sai dai ko wacce ce, yarjejeniya ce tsakanin dillali da kamfanin inshora, ba sunanka a ciki. Ba za ka je musu kai tsaye ka ce a biya ka ba, sai an tabbatar da laifin dillalin. Ga wani tarko kuma: irin wannan inshora galibi tana biyan ƙorafin da aka gabatar tun tana aiki ne, kamfanin da ke fama da kansa kuwa ba lallai ya sabunta ta ba. Shi ya sa nake ganin jinkiri ya fi komai haɗari a lamarinka.

Ka rubuta wa kamfanin dillancin ƙorafi a makon nan, a buga maka hatimin karɓa. Ƙa'idar SEC ta ba su kwanakin aiki 10. In ba su warware ba, sai ka kai ƙorafin ga kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, sannan SEC, wadda ke da ofishi a Kano, daga nan sai kotun musamman ta harkar zuba jari, wato IST.

NGX tana da asusun kare masu zuba jari, wanda ke biyan asarar da sakaci, ha'inci ko karyewar dillali suka jawo. Kada ka ɗora masa dogon buri: a 2015 mafi yawan abin da yake ba mutum ɗaya naira 400,000 ne.

Idan har Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin rusa kamfanin a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ba a ci gaba da ƙara a kansa sai da izininta. Za ka miƙa shaidar abin da kake bi ga wanda aka naɗa ya tattara kadarori, ka shiga layi bayan masu jingina, haraji da albashin ma'aikata. Abin da ke isowa ƙarshen layin nan sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Tun kafin a kai nan, ka samu lauyan da ya san harkar kasuwar jari a Kaduna ko Kano, ya rubuta wa dillalin ya bayyana sunan kamfanin inshorarsa, ya kuma sanar da kamfanin inshorar ƙorafinka a rubuce.