Amsa ga Dakta mai shirin kafa ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa a Sakkwato

Assalamu alaikum. Ƙanena Dakta, sai da na karanta tambayarka sau biyu kafin na iya rubuta komai, domin kamar ni ne na rubuta ta shekarun baya. Ka ce ka dawo gida Sakkwato bayan ka yi shekaru a ɗakin gwajin wani a Turai kana nazarin mahaɗar jijiyoyi, wato sinaps, an ba ka ɗaki ɗaya da ɗalibai biyu da ɗan tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kana tambaya a kan me za ka fara kashe kuɗin, kuma ko wannan fanni zai yiwu a nan ko gara ka sauya tun da wuri. Kada ka sauya. Amma ina roƙonka kada ka fara da irin aikin da na fara da shi.

Ni da na dawo, na zo da tambayar da na baro a can, wato yadda furotin ɗin sinaps irin su sinaptofaisin da PSD-95 suke raguwa ko ƙaruwa a hipokamfus ɗin ɓera, sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da tunawa, kuma aikin nan ba ya yiwuwa sai da nama da aka daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili. Ba ni da irin wannan firiza, saboda haka na roƙi wani babba a wurin aikinmu ya sammini aljihu guda a cikin tasa firizar, ya amince da fara'a, ni kuma na yi ta godiya, na manta cewa zanen aro ba ya rufe katara. Shekara ɗaya da rabi ni da ɗalibata muna kiwon ɓeraye, muna fiɗa, muna zuba nama a 'yan bututu muna rubuta lamba a jikin kowanne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ya haura digiri 40, mutumin nan ya sa aka cire firizar daga layin janareto aka mayar da layin ga na'urar sanyaya ofishinsa, bisa hujjar cewa wutar gari ta daidaita, sannan ya kulle ɗakin ranar Alhamis ya yi tafiya da makullin a aljihunsa. Wuta ta ɗauke a daren. Na kira shi ranar Juma'a ya fi sau goma bai ɗauka ba, na je wurin mai gadi ya ce ba shi da izinin fasa ƙofa, na tsaya a bakin taga ina jin ƙarar gargaɗin firizar tana ta kuka har batirinta ya mutu. Ranar Litinin da aka buɗe, kwalayen da muka jera bututun a ciki sun jiƙe sun yi laushi, tawadar wasu lambobin ta narke, kuma warin da ya fito ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Ɗalibata ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafinta, ba ta ce uffan ba.

Abin da ya fi asarar ƙona mini rai shi ne maganar da ya yi da ya dawo. Ya ce in yi haƙuri, ai ɓeraye ne, ana sayar da su. Bai tambayi yarinyar nan yadda za ta yi da digirinta ba, kuma bayan shekara biyu, da muka fitar da takarda daga wani aikin dabam, shi ne ya aiko a tuna mini cewa ya kamata sunansa ya shiga tunda ya taɓa ba mu wurin ajiya. Ban sa ba, kuma na sha wahalar rashin sawar a wurare da dama da ba sai na faɗa a nan ba, kowa a cikinmu ya san yadda ake yi. Har yau idan muka haɗu a masallaci muna gaisawa, amma zuciyata ba ta saki ba, Allah ya yafe mini.

To, abin da ya cece mu tsohuwar hanya ce. Rinin da Camillo Golgi ya gano a 1873, wanda Santiago Ramón y Cajal ya yi amfani da shi har suka raba kyautar Nobel a 1906, ba ya buƙatar firiza ko kaɗan. Mu nau'insa na Golgi-Cox muke yi: a jiƙa ƙwaƙwalwar a ruwan sinadarin, a ajiye ta cikin duhu kamar mako biyu, a yanka da kauri, sai ka ga ƙwayar jijiya guda ta fito baƙa ƙirin da rassanta duka. Ka fi ni sanin cewa tazarar da ke cikin sinaps ba ta wuce nanomita 20 ko kusa da haka ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali maikiroskof na haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, saboda haka sinaps ɗin kanta ba za ka gan ta ba. Amma 'yan ƙayoyin da ke jikin rassan, inda mafi yawan sinaps masu tayar da jijiya suke sauka, ana ganinsu sarai da gilashin maikiroskof mai ninki 100 da ɗigon mai, ana kuma ƙirga su da manhajar kwamfuta ta Fiji kyauta. Sai dai ka kula, akwai sinadarin makuri (mercury) a cikin ruwan, guba ne, kada ka bari ɗalibi ya taɓa ba safar hannu ko ya zubar da shi a kwata. Idan da ni ne kai, kuɗin farko gilashin maikiroskof mai kyau da kyamara zan saya, sannan sola da inbata da batir waɗanda makullinsu yake hannuna ni kaɗai. Kuma ka ɗinka wa maikiroskof ɗin riga, domin ƙurar hunturu tana shiga inda ba ka zata ba.

Game da Dirosofila, ɗan ƙaramin ƙudan nan na 'ya'yan itace, da na ji kana sha'awa, ina goyon baya, kuma ƙungiyar TReND in Africa ta daɗe tana koyar da aiki da shi saboda araharsa. A digiri 25 yana kammala zagayen rayuwarsa cikin kwana goma, abincinsa garin masara ne da yisti da suga da aga (sinadarin da ke sandarar da abincin), kuma mahaɗar jijiya da tsoka ta tsutsarsa tana aiki da gulutamet, sinadarin isar da saƙon jijiya, ana iya rina ta da antibodi, furotin mai liƙe wa abin da ake son gani, irin nc82 daga ma'ajiyar antibodi ta DSHB da ke Iowa a Amurka a farashi mai sauƙi. Matsalarsa zafi ce, domin da zarar an kai wajen digiri 30 mazan suna daina haihuwa, kuma a bazarar nan tamu rana ɗaya ba wuta ta isa ta shafe maka irin ƙudan da ka yi wata da watanni kana jira daga ma'ajiyar ƙuda ta Bloomington a Amurka. Akwai lokacin da muka riƙa saka bututun ƙuda a cikin tukunyar ƙasa da ke cikin wata tukunyar, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, muna duba ma'aunin zafi safe da yamma, abokan aiki suna yi mana dariya.

Wani abin da babu shi a lokacina shi ne taswirar haɗin jijiyoyi da ke intanet. Ta 'yar tsutsar nan C. elegans mai ƙwayoyin jijiya 302 an wallafa ta a 1986 bayan aikin fiye da shekara goma, amma a 2024 aikin FlyWire ya fitar da ta ƙwaƙwalwar baligin ƙuda gaba ɗaya, ƙwayoyi kusan 139,000 da sinaps fiye da miliyan 50, kuma kowa yana iya shiga. Ka ɗora ɗaya daga cikin ɗalibanka a kan wannan da kwamfutarsa, domin ko komai ya lalace a ɗakin gwaji ya kasance yana da abin rubutawa. Wannan shi ne haƙƙin da na kasa sauke wa ɗalibata ta farko, wadda ta ƙara shekara guda cur saboda na rataya karatunta duka a kan firizar wani. Idan kuma ka buƙaci maikiroskof na konfokal, mai aiki da hasken leza, ka tuntuɓi cibiyar BioRTC da ke Damaturu, ka kuma sa ido a kan tallafin IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, da tarukan SONA, ƙungiyar masu binciken jijiyoyi ta Afirka.

Ba ka faɗi ko kwamitin ɗa'ar bincike ya riga ya amince maka da aikin dabbobi ba. Ka shigar da takardar yanzu, tun kafin ka sayi ɓera ko ɗaya. Sannan ka rubuto mini irin maikiroskof ɗin da ka tarar a ɗakin da lambobin da ke jikin gilasansa, in gaya maka ko zai iya nuna ƙayoyin ko sai ka sayi sabon gilashi.